Me Ya Sa Kwalara Ke Biyo Bayan Ambaliya?

A watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Makonni kaɗan bayan haka, gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Likitoci ba su yi mamaki ba, domin kusan duk damina haka abin yake zuwa. A shekarar 2021 kaɗai, hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 kuma suka rasu. Ruwa ba ya tsami banza. Idan kuka san yadda ƙwayar cutar take rayuwa a cikin ruwa, za ku san inda za ku tare ta.

Sunan ƙwayar Vibrio cholerae, kuma asalinta 'yar ruwa ce. Tana son ruwa mai ɗumi, mai ɗan gishiri, mai datti da za ta ci. Ba kullum take yawo ita kaɗai ba. Takan manne a jikin gansakuka da wasu mitsi-mitsin halittun ruwa masu kama da jatan lande, inda guda ɗaya kan ɗauki dubban ƙwayoyi. Takan kuma haɗu da 'yan'uwanta su yi wani yauƙi da ke ba su kariya, irin santsin da kuke ji a cikin randa ko jarkar da ta daɗe ba a wanke ba.

A wajenmu, babbar hanyar da take shiga ruwan sha ita ce bayan gidan ɗan'adam. Yawancin waɗanda suka kamu ba sa nuna alama, amma suna fitar da ita har zuwa kwana 10. Da ambaliya ta cika masai, ta kwashe ƙazantar da aka yi a fili, sai ta juye su a rijiyoyi marasa zurfi da fasassun bututun famfo. Ruwan zai iya kwantawa ya yi garau, ƙwayar tana ciki. Ido ba ya ganinta, harshe ba ya jin ta.

Wannan ilimi ya riga ya ceci rayuka. A ƙauyukan Bangladesh, masu bincike ƙarƙashin Farfesa Rita Colwell sun koya wa mata tace ruwa da tsohon zane da aka ninka sau huɗu. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi, domin zanen yana tare halittun da ƙwayar ke maƙale da su. Sai dai ku lura, wadda ke yawo ita kaɗai tana ratsa zane. Tacewa matakin farko ne kawai.

Allurar rigakafi ta ɗigawa a baki tana taimakawa, amma an yi fama da ƙarancinta. A watan Oktoban 2022 ƙarancinta ya sa aka koma bayar da ita sau ɗaya maimakon sau biyu a lokacin annoba. Gyara na dindindin, wato ruwan famfo mai tsafta da masai na ƙwarai, nauyi ne a kan hukuma, kuma haƙƙinku ne ku nema. Kafin nan, tsaron yana bakin randarku.

Ku bar ruwa mai gurɓi ya kwanta, ku tace, sannan ku tafasa ko ku sa sinadarin kulorin bisa ƙa'idar da ke jikinsa, ku jira minti 30. Laka tana cinye ƙarfin kulorin, shi ya sa tacewa ke zuwa da farko. Ku goge cikin randa da jarka da sabulu, ku rufe, ku keɓe moɗa mai dogon hannu. Ruwan 'yan ga-ruwa ma a yi masa haka.

Idan wani ya fara gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa, kada ku jira gari ya waye. Ku fara ba shi ORS nan take. In babu, ku dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa, yana kurɓa kuna hanyar asibiti. Kwalara kan kashe mutum cikin awanni, amma idan an fara kulawa da wuri, waɗanda ke rasuwa ba sa kai mutum 1 cikin 100.