FILIN HOTO: Fim ko Dijital a Tafiyar Ƙafa?

Wani ƙanena yana shirin tafiyar kwana goma a ƙafa cikin duwatsun Abzin, har saman Bagazam mai tsawon mita 2,022. Ya tambaye ni: "Yaya, wace kyamara zan rataya, ta dijital ko tsohuwarka mai fim ɗin silaid, wanda ake haskawa a bango da majigi?"

To, kowace da ranarta. Kyamara irin Nikon FM2 tana harbi ko babu batir, awon haske kaɗai ke tsayawa. Kalar fim ɗin Velvia kuwa, wanda Fuji ya fitar a 1990, sai wanda ya gani. Amma naɗi ɗaya hoto 36 ne kacal, kuma zafi yana ɓata masa kala. Silaid ba ya yafe kuskure: haske ya ɗan yi yawa, farin rairayi ya cinye hoton, kai kuma ba ka sani ba sai ka dawo gida.

Babbar magana ita ce wanki. Kodak ya daina yin Kodachrome a 2009, wankinsa ya ƙare a ƙarshen 2010. Ektachrome ya dawo kasuwa a 2018, amma yana da tsada, kuma masu wanke silaid sun yi ƙaranci. Ni kaina na taɓa aika naɗi shida wanki, biyu suka dawo a ƙone. Rijiyar da na ɗauka da masu ban ruwa, har yau ban sake ganinsu ba.

Dijital ma tana da nata ciwon. In batir ya mutu, ka ɗauki dutse a wuya. Sai ka tanadi batir uku da ƙaramin faifan sola a bayan jaka. Kada ka sauya gilashi cikin ƙurar hunturu, don ƙura za ta shiga ta zauna a kowane hoto.

Na ce masa ya ɗauki dijital. Dalilina ba nauyin kaya ba ne kawai. Mutumin da ya ba ka shayi ya yarda ka ɗauke shi, yana da hakkin ganin fuskarsa nan take. Da fim sai dai alkawari, alkawari kuwa kaya ne.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.