Gwajin Turanci da ba ya jin muryar ɗalibi: darasi daga Bagudo

A watan Nuwamban 2025, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya soke manufar koyarwa da harshen uwa da gwamnati ta amince da ita a 2022, ya mayar da Turanci harshen koyarwa a dukkan matakai. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi harshen gida. Kafin a karɓi wannan hujja, ya kamata a duba abin da jarrabawoyin suke aunawa.

A JAMB, tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne, kuma dukkansu na zaɓen amsa ne a kwamfuta. WAEC tana da insha'i da auna fahimta, amma takardarta ta gwajin lafazi ta zaɓen amsa ce, babu mai sauraron ɗalibi. A jami'a kuma, darasin sadarwa da Turanci na shekarar farko, wanda hukumar NUC ta wajabta, kan haɗa ɗaruruwan ɗalibai a zaure guda, a wurare da dama a ƙare shi da zaɓen amsa. Ke nan mutum zai iya kammala digiri ba tare da an taɓa ba shi maki kan yadda yake bayani da bakinsa ba.

Ma'aunin kansa yana tangarɗa. A watan Agustan 2025, WAEC ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan kwanaki kaɗan ta amince an yi kuskure wajen duba takardar Turanci, adadin ya koma kashi 62.96.

Illar wannan ta fi bayyana a wuri irin Bagudo da ke Jihar Kebbi, a kan iyakar Jamhuriyar Benin. A nan ana jin Hausa da Fulatanci da Dandanci da Busanci, kuma hanyar Tsamiya zuwa Segbana tana kaiwa ƙasar da Faransanci ne harshen hukuma. Matashin da ya tashi yana ciniki da harsuna biyu ko uku ya riga ya nuna yana da basirar koyon harshe. Abin da ya rasa shi ne inda zai riƙa jin Turanci da yin sa, domin bayan aji ba kasafai yake haɗuwa da shi ba. Gwajin zaɓen amsa ba ya bambance shi da wanda ya haddace tsofaffin tambayoyi, kuma ba ya nuna wa malami inda gyara yake.

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta jiha da ke Aliero ba sa buƙatar jiran Abuja. Za su iya gwada sabbin ɗalibai a makon farko ta fuskar sauraro da magana da karatu da rubutu, su ware maki ga jawabi a gaban aji, su sake gwajin a ƙarshen shekara, sannan su wallafa sakamakon bisa ƙananan hukumomi. Da irin waɗannan alƙaluma ne gwamnatin Kebbi za ta san ko matsalar Bagudo harshen koyarwa ne, ko ƙarancin malaman da suka iya Turancin da aka ce su koyar da shi.