Shin Sabunta Kwamfuta Gyara Ne Ko Ɓarna?

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san cewa da zarar bazara ta kama, hadari ya soma haɗowa daga gabas, to, hankalin kowane mai gidan ƙasa yakan koma kan soronsa. Sai a nemo magini, a kwaɓa ƙasa, a hau bisa a toshe inda ya tsage, a gyara indararo, a yaɓe katanga. Aikin yana da cin kuɗi, yana ɓata tsakar gida, kuma yakan hana iyali sakewa na kwana biyu. Amma ba mu taɓa jin wani mai hankali a Yakasai ko Mandawari ya ce ya daina yaɓe saboda takurar da ke cikinsa ba, gama ya san abin da ruwan watan Agusta zai yi masa.

Abin da ya sa muka kawo wannan misali shi ne wata gardama da ta zama ruwan dare tsakanin masu aiki da kwamfuta, tun daga ma'aikacin da ke sammakon zuwa Sakatariyar Audu Baƙo ko Gidan Murtala, har zuwa ɗalibin da ke bi ta Ƙofar Kabuga zuwa Jami'ar Bayero. Gardamar kuwa ita ce: idan kwamfuta ta nemi a bar ta ta sabunta babbar manhajarta, a bar ta, ko kuwa a hana ta? Da yawa sun riga sun yanke hukunci cewa sabuntawa ba ta haifar da kome sai nauyi da cin data da ɓata lokaci. Wasu masu gyara ma, idan suka ɗora wa mutum Windows, abu na farko da suke yi shi ne su toshe hanyar sabuntawa, sa'an nan su ce masa sun yi masa gata. Mu dai ra'ayinmu shi ne wannan gata ba gata ba ne, kuma za mu faɗi dalili.

Da farko ya kamata a san abin da ake magana a kai. Babbar manhaja, wato irin su Windows da Android, ita ce ke tafiyar da na'ura baki ɗaya, sauran manhajoji duka a kanta suke zaune. Mutane ne suka rubuta ta, ɗan Adam kuwa tara yake bai cika goma ba, saboda haka ba ta rasa kurakurai. Wasu kurakuran kafa ce da ɓarawo zai iya bi ya shigo daga nesa ba tare da ya taɓa na'urar ba. Idan aka gano kafar, sai kamfanin ya aiko da faci. Tun daga shekarar 2003 kamfanin Microsoft ya tsayar da Talata ta biyu ta kowane wata domin fitar da irin wannan faci. Wannan shi ne iri na farko na sabuntawa. Iri na biyu kuwa shi ne ƙaura daga tsohon zubi zuwa sabo, kamar daga Windows 10 zuwa Windows 11. Na farko yaɓe ne, na biyu sabon gini ne, kuma yawancin ruɗanin da ake ciki ya samo asali ne daga haɗa su da ake yi a kwando ɗaya.

Ba za mu ce masu kukan ba su da hujja ba, domin jiki magayi. A watan Janairu na 2018 an bayyana wasu manyan kurakurai biyu a cikin ƙwaƙwalwar na'urori, waɗanda aka laƙaba wa suna Meltdown da Spectre, kuma Microsoft da kansa ya yarda cewa facin da aka yi musu zai rage saurin tsofaffin kwamfutoci. A watan Oktoba na wannan shekara kamfanin ya janye wata sabuntawa ta Windows 10 bayan da ta share wa wasu mutane takardunsu. Kamfanin Apple ma ya amsa a watan Disamba na 2017 cewa ya rage saurin wasu tsofaffin wayoyinsa ta hanyar sabuntawa, ya ce don kare baturansu ne, amma duk da haka hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Har wa yau, ran 19 ga watan Yuli na 2024, wata gurguwar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan takwas da rabi, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya cik a ƙasashe da dama.

Ga kuma namu na gida. Wanda ya ƙera manhajar yana zaton wuta ba ta ɗaukewa, data kuma ba ta ƙarewa. Mu kuwa a nan, kwamfuta na tsakiyar sabuntawa, ta rubuta cewa kada a kashe ta, sai wuta ta ɗauke, baturin kuma ya daɗe da mutuwa. Daɗin daɗawa, a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Ɗalibin da ya sayi data da kuɗin abincinsa, ya wayi gari ya tarar kwamfuta ta shanye ta cikin dare, ba wanda zai ga laifinsa idan ya fusata.

To, amma fa a dubi ɗaya gefen. Ran 12 ga watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. Aikinta shi ne ta kulle duk takardun da ke cikin na'ura, ta ce sai an biya fansar Dala 300 kafin a buɗe. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da aikin tiyata kimanin 19,000, kuma daga baya ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta ƙiyasta hasarar a kan Fam miliyan 92. Abin takaicin shi ne Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan kafa tun ran 14 ga watan Maris, wato kusan wata biyu kafin aukuwar abin. Waɗanda suka karɓi facin sun kwana lafiya, waɗanda suka ce sai gobe su ne suka kwana a ciki. Gaskiyar Hausawa da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ranar da aka fitar da faci, ranar ce aka yi shelar inda kafar take. Ɓarayin zamani sukan ɗauki facin su yi nazarinsa, su gane ramin da aka toshe, sa'an nan su shiga neman waɗanda ba su toshe nasu ba. Saboda haka wanda ya ƙi sabuntawa bai tsaya inda yake jiya ba, haɗarinsa ƙaruwa yake yi kowane wata. Kada kuma wani ya ce shi talaka ne, wa zai neme shi? Irin waɗannan manhajoji ba sa tambayar sunan kowa, bi suke yi gida gida suna taɓa ƙofa, wadda suka samu a buɗe su shige.

Mai karatu ya tambayi kansa abin da ke cikin kwamfutar da ke gabansa. A ofis akwai jerin albashi, da takardun fansho, da bayanan filaye, da sakamakon jarrabawa. Waɗannan ba dukiyar akawu ba ce balle ya yi caca da su, amana ce ta jama'a, kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Shi kuwa ɗalibi, kundin bincikensa na shekarar ƙarshe yana ciki, ga filashinsa yana yawo daga wannan shagon buga takardu zuwa wancan yana kwaso abin da ya kwaso. Jinkirin rabin sa'a a wata, da hasarar wahalar shekara guda, wanne ya fi sauƙi?

Game da nauyin da ake kuka da shi kuwa, sau da yawa ana dukan jaki ne a bar taiki. Gaskiya ne kwamfuta takan yi nauyi sa'ad da take sabuntawa da kuma 'yan sa'o'i bayan haka, domin tana aiki a ɓoye tana jera abin da ta karɓa, amma wannan yakan wuce. Nauyin da ba ya wucewa daga wani wuri yake. Galibin kwamfutocin da ke hannunmu na gwanjo ne, sun gama aiki a Turai ko Amurka kafin su iso gare mu. Suna ɗauke da tsohon faifan ajiya mai juyawa, ga ƙaramar ma'ajiyar aiki, wadda masu gyara ke kira RAM, ga tarkacen manhajoji da ke tashi tare da na'ura duk lokacin da aka kunna ta. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe fankar ciki, da zafin bazara, na'ura kuwa idan ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Wanda ya musanya tsohon faifai da irin wanda ake kira SSD, ya ƙara RAM, ya sa aka busa ƙura, zai ga bambancin da toshe sabuntawa ba zai taɓa ba shi ba.

Inda masu kukan suka fi gaskiya shi ne wajen iri na biyu. Ba kowace tsohuwar na'ura ce za ta ɗauki sabon zubi ba, kuma ɗora wa raƙumi kayan da ya fi ƙarfinsa ba dabara ba ce. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, tana da sharuɗɗan da galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba. Amma zama a kan tsohuwa ma yana da iyaka. An daina yi wa Windows XP faci a watan Afrilu na 2014, Windows 7 kuma a watan Janairu na 2020, ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika ran 14 ga watan Oktoba na 2025, in ban da ƙarin lokaci da kamfanin ya ba waɗanda suka yi rajista ta musamman. Na'urar da aka daina yi wa faci, gida ne da magini ya yi wa sallama.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ma'aikatu da na makarantu da kada su bar wannan al'amari a hannun kowane akawu da ra'ayinsa. A ƙidaya kwamfutocin kowace ma'aikata, a san zubin da ke kan kowace. A tsayar da rana guda a wata, bayan an tashi aiki, a tanadi wuta da data daga aljihun ofis, a sabunta su. A fara da guda biyu ko uku, in an ga lafiya bayan 'yan kwanaki a bi sauran, domin Windows ta ba da damar ɗage sabuntawa har mako biyar, kuma wannan ya isa a gane ko facin yana da illa. A daina ɗora manhajar jabu a kan na'urorin gwamnati, domin araha ba ta ado. Waɗanda suka tsufa ƙwarai a raba su da intanet, ko a ɗora musu Linux, wadda kyauta ce kuma akwai ire-irenta marasa nauyi. A kuma riƙa sa kuɗin kula da na'urori a cikin kasafi, kada a tsaya ga bikin sayensu kaɗai.

Ku kuma ɗalibai, ku ajiye kwafin aikinku a wuri biyu kafin kowace sabuntawa. Ku nuna wa kwamfuta cewa datarku a ƙidaye take, akwai wurin yin haka a cikin saitinta, sa'an nan ku sabunta sa'ad da kuka samu wuta da intanet na makaranta. Kada ku soma a daren da za ku miƙa aiki, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwar birnin nan wajen shekara 900 da suka wuce, Sarki Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta. Ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye domin kakanninmu ba su gaji da gyaran inda ruwa ya ci ba. Wanda ya bi ta gefen badala a yau ya ga abin da ya rage, ya san ba igwa ce ta cinye ta ba, daina gyara ne da sakaci. Kada mu yi wa amanar da ke cikin na'urorinmu irin wannan riƙo. Allah ya sa mu gane, ya kuma kiyashe mu da aikin da na sani.