Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ina haƙƙin mutanen iyaka a man Sudan?

Daga Umdurman muka rubuto wannan takarda, zuwa gare ku mazauna Umbadda da Mayo da Haj Yusuf, da ku da ke can gida a Kosti da Rabak da Jabalain da Rank, da Sinnar da Maiwurno da Damazin. Ranar 11 ga Afrilu 2010 za a buɗe rumfunan zaɓe. Rabon da jam'iyyu da yawa su fafata a ƙasar nan tun 1986, yaron da aka haifa a waccan shekara yau magidanci ne. Kafin ku kaɗa ƙuri'a muna so mu yi magana a kan abu guda: man fetur, da abin da yake yi wa ruwan da kuke sha da ƙasar da kuke nomawa.

Kamfanin Chevron na Amurka ne ya fara samun mai a yankin Bantiyu a ƙarshen shekarun 1970, ya kuma same shi a Hijlij a 1982, sannan yaƙi ya sa ya dakatar da aiki a 1984. A watan Agusta 1999 aka loda jirgin farko a gaɓar Bahar Maliya, bayan an shimfiɗa bututu mai tsawon kimanin kilomita 1,600 daga Hijlij. A 2000 matatar Jaili da ke arewa da Hartum ta fara aiki. A 2006 man Faluj da Adar Yel, na kamfanin Petrodar, ya fara bi ta Jabalain zuwa teku. A 2010 Sudan tana haƙo kusan ganga 500,000 a kowace rana, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da take sayarwa waje mai ne.

Inda kuɗin suka sauka ba ɓoyayye ba ne. Ku tsaya a kan gadar Farin Nilu ku dubi Mugran, ku ga benayen gilashi suna tasowa, wasunsu ofisoshin kamfanonin man ne. Daga nan ku hau mota zuwa ƙarshen Umbadda, inda uwargida take jiran mai amalanken jaki ya kawo mata ruwa, ta biya daga kuɗin cefane. Wannan a babban birni ke nan. To yaya wanda yake zaune a gindin rijiyar man?

Rijiya ba ta fitar da mai zalla. Yana fitowa ne haɗe da ruwa mai gishiri da sinadarai, kuma gwargwadon tsufan rijiya gwargwadon yawan ruwan, har ya zo ya fi man yawa. Ana raba su, man ya shiga bututu, ruwan kuwa dole a nema masa wuri. Idan aka zuba shi a buɗaɗɗen tafki wanda ba a shimfiɗa wa komai a ƙasa ba, zai tsiyaya cikin ƙasa, da damina kuma ya tumbatsa ya bi fadama. Saniya ba ta bambance shi da ruwan sama. Tun 2008 wata ƙungiyar agaji ta Jamus mai suna Sign of Hope take gwada ruwa a kewayen filin mai na Tar Jas a jihar Wahda, ta kuma ba da rahoton gishiri mai yawa a rijiyoyin shan jama'a, da ƙarafa masu guba a ramukan da aka bari bayan haƙa. A Hijlij kuwa an gina tafkuna da aka shuka wa ciyayin ruwa don tace wannan ruwa kafin a sake shi. Ashe an san maganin. Me ya hana a tilasta shi a kowane fili?

Sai maganar hanyoyi. Ƙasar yankin Malut shimfiɗaɗɗiya ce mai laka, ruwan damina yana malala a kanta a hankali. Da aka ɗaga hanyoyin kamfani sama ba tare da isassun magudanai ba, sai hanyar ta zama madatsa: wannan gefe gona ta nutse, wancan gefe ciyawa ta bushe. Makiyayi ya tarar an datse burtalin da kakansa ya bi, ya karkata ya faɗa gonar manomi, rigima ta tashi tsakanin talaka da talaka. Kafin wannan ma, a shekarun yaƙi, an kori ƙauyukan Nuwer da Dinka da ƙarfin bindiga daga kewayen rijiyoyi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara shaidun hakan a wani babban rahoto a 2003. Waɗancan mutane maƙwabtanmu ne, kasuwarmu ɗaya da su a Rank da Malakal.

Kada mazaunin Hartum ya ce abin ya yi masa nisa. Ruwan da ya wuce Malut shi ne yake wuce Rank da Jabalain da Kosti, ya taru a madatsar Jabal Auliya, ya iso Mugran. Masuntanmu a cikinsa suke jefa koma, kifinsu kuma shi muke saye a kasuwar Maurada. Waninku ya taɓa jin an karanta sakamakon gwajin ruwan yankin mai a rediyon Umdurman? An taɓa liƙa shi a ofishin ƙaramar hukuma? Gwamnatin da take sanar da mu yawan gangunan da aka haƙo ta iya sanar da mu abin da ke cikin rijiyar ƙauye.

Doka kuwa akwai ta. Dokar Kare Muhalli ta 2001 ta wajabta a yi nazarin illar babban aiki kafin a fara shi. Yarjejeniyar zaman lafiya da aka sa wa hannu ranar 9 ga Janairu 2005 ta tanadi diyya ta adalci ga wanda aka karɓe ƙasarsa don haƙo ma'adinai, ta ba al'ummar wurin damar sa baki ta hannun jiharsu a sababbin kwangiloli, ta kuma ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin mai ga jihar da aka haƙo shi. Shekara biyar ke nan. Ku tambayi danginku na can ko sun ga lissafin kashi biyun nan. A watan Satumba 2009 ƙungiyar Global Witness ta gwada alƙaluman gwamnati da na kamfanin CNPC na Sin, wanda shi ne babban mai hannun jari a filayen, ta tarar da bambancin kashi 9 zuwa 26 cikin 100. Idan ba a san yawan abin da aka haƙo ba, da wane mudu za a auna rabon jiha? A watan Yuli 2009 sai da aka je har kotun sulhu ta birnin Hague a kan iyakar Abyai, hukuncin ya bar Hijlij a wajenta. An ɗauki manyan lauyoyi don a san mai rijiyar mai. Rijiyar ruwa ba ta samu lauya ba.

Da yawanmu muna da dangi a Najeriya, mun ji labarin yankin Neja Delta, inda aka shafe shekara hamsin ana haƙar mai, kifi ya ƙare a rafuka da yawa, aka kuma rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Nuwamba 1995 bayan gwagwarmayarsu a kan ƙasar Ogoni. A Amurka yanzu kamfanoni sun koma tura ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfi cikin ƙasa, su tsattsage dutse don iskar gas ta fito. A garin Dimock na jihar Pensilbaniya, a 2009, hukumar muhalli ta jihar ta tabbatar iskar gas ta shiga rijiyoyin gidajen mutane daga haƙar da aka yi kusa da su. Can akwai kotu da jaridu masu 'yanci, duk da haka sai da ruwan sha ya ɓaci. Rijiyoyinmu na farko sun fara tsufa, kuma idan mai ya yi wuyar fita, kamfani yakan nemi hanya mafi tsanani. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

'Yan Mu'utamar Watani za su zo da alamarsu ta bishiya, su ce muku da kuɗin mai aka yi titi da gadoji, aka buɗe madatsar Marawi a 2009. An yi waɗannan ayyuka, ba mu musa ba. Mu ma ba mu ce a toshe rijiyoyi ba, ƙasa tana bukatar kuɗin. Amma sun riƙe mulki tun 30 ga Yuni 1989, duk kwangilar da ake aiki da ita a 2010 a zamaninsu aka ƙulla ta, kuma har zuwa wannan shekara ba a buɗe ta ga jama'a ba. Wanda ya karɓi yabon gada sai ya amsa tambayar ruwa.

Lokaci kuma ya ƙure. A Janairu 2011 Kudu za ta kaɗa ƙuri'ar raba gardama. Idan ta zaɓi ballewa, layin da ke tsakanin Jabalain da Rank zai zama iyakar ƙasa da ƙasa, yawancin rijiyoyi su faɗa can, bututu da matata su tsaya nan. Majalisar da za ku zaɓa yanzu ita ce za ta zauna a lokacin da za a yi wannan ciniki. Idan babu wanda ya sa maganar ruwa da burtali da diyya a kan tabarma, za a raba ganguna a tashi, ɓarnar ta zauna tare da ku.

Ga abin da 'yan takararmu suka ɗauka a wuyansu, ku ajiye takardar nan don ku tuhume mu da ita. Za mu gabatar da ƙudurin da zai tilasta a riƙa gwada ruwan sha na kowane ƙauye da ke kusa da rijiya ko bututu, masu gwajin kuma ba ma'aikatan kamfani ba, a karanta sakamakon a rediyo da harsunan mutanen wurin. Za mu nemi a haramta zuba ruwan rijiyar mai a buɗaɗɗen rami ba tare da tacewa ba. Za mu nemi a buga kwangilolin mai da lissafin kashi biyu na kowace jiha. Za mu nemi a biya diyyar gona da makiyaya hannu da hannu ga masu ita, a gaban shaidu, ko da haƙƙinsu na gado ne ba na takarda ba, domin yawancin gonakin iyaka ba su da takarda. Za mu nemi a gyara magudanan hanyoyin mai kafin a ba kamfani sabon fili.

Kada wani ya ce muku wannan magana ba taku ba ce. Kakanninmu sun zauna a bakin Shuɗin Nilu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu tun kafin haka a kan hanyar Hajji. Da guminsu aka gina madatsar Sinnar, da hannunsu aka tsinci audugar Jazira. Wanda ya noma ƙasa shekara ɗari yana da bakin tambayar abin da ake zubawa a cikinta.

Duk ɗan takarar da ya shigo unguwarku, namu ne ko nasu, ku tare shi da tambaya uku: wa ke gwada ruwanmu, ina kashi biyun jiha, wa zai biya wanda aka ɓata wa gona? Iyayenmu mata, ku ne kuke ɗebo ruwan, ku ne kuke jinyar yaro in cikinsa ya ɓaci, ku fara tambaya. Ranar zaɓe ku ɗauki takardar rajistarku ku fita da wuri. A Arewa takardun ƙuri'a takwas za a ba ku, kada ku raina na majalisar jiha, domin ta hannun jiha doka ta ce za a ji muryarku. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, sannan a miƙa takardar ga maƙwabci.

Allah ya ba mu zaɓe lafiya, ya tsare mana ruwanmu da ƙasarmu. Amin.