Iska Ta Wuce, Saura Gyara

Kafin komai muna jajanta wa 'yan'uwanmu na nan Maraɗi waɗanda iskar farkon damina ta yi wa ɓarna, Allah ya mayar da alheri, ya ba waɗanda suka ji rauni lafiya.

Duk wanda ya zaga unguwarmu washegari ya ga abin tausayi. Kwanon rufi ya naɗe kamar tabarma, wani a kan bishiya, wani a tsakar gidan maƙwabci. Dangogin kara sun kwanta, rumfunan 'yan tireda sun tashi, katangun laka da suka sha ruwa sun zube. Wani babban reshen dogon yaro ya karye ya ja wayar lantarki har ƙasa, muka kwana biyu cikin duhu, masu sayar da ƙanƙara da lemo suka tafka asara. A lakwal ɗinmu aji biyu sun wayi gari babu rufi, littattafai sun jiƙe, ga jarrabawar ƙarshen shekara ta ƙarato. Yanzu a gindin itace ake karatu, da hadari ya taso sai a sallami yara. Gaskiyar Bahaushe da ya ce iska na wahalar da mai kayan kara, domin mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi jin jiki.

To, wannan iska dai ba baƙuwa ba ce. A watannin Afrilu da Mayu ƙasa takan yi zafi ƙwarai, sai iska mai laima ta taso daga teku ta kudu maso yamma, ta gamu da wannan zafi, hadari ya haɗu. Irin wannan hadari daga gabas yake tafiya zuwa yamma. Iska mai sanyi takan sauko daga cikinsa da nauyi, ta bugi ƙasa, ta bazu a gabansa tana kwasar ƙura da yashi. Shi ya sa muke ganin jan bango ya taso daga gabas kafin ɗigon ruwa ya sauka. Irinsa ne ya rufe Yamai da rana tsaka a ranar 4 ga Mayu, 2020, har hotunansa suka zaga duniya.

Kakanninmu sun san halinta sarai. Shi ya sa maginin da yake ƙara wa bangon gabas kauri, ya shafe shi da makuba, ya guji buɗe ƙofa ta wannan gefe. Soron azara kuwa nauyinsa ke riƙe shi. Da kwano ya shigo sai aka samu sauƙi ta wani fanni, aka samu rauni ta wani. Idan iska ta bi ta saman kwano da gudu takan tsotse shi sama, in kuma ta samu ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗaki, sai ta tura shi daga ƙasa. Ƙarfi biyu ke nan a kan rufi ɗaya. In katakon ba a ɗaure yake da bango ba, ɗora shi kawai aka yi aka liƙe da laka, to, rufin zai tashi gaba ɗaya kamar hula.

Da muka duba gidajen da suka tsira, abu guda muka gani. Masu su sun sa an ɗaure katako da ƙarfen rodi wanda aka binne cikin bango, an yi amfani da ƙusa mai hula, an yawaita ta a gefe-gefe da kusurwa inda iska ke fara ɓamɓara, kuma ba a bar bakin kwano ya zarce bango da yawa ba. Kuɗin wannan bai kai na bandir ɗaya na kwano ba. Amma duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake jibgawa a kan rufi, ranar babbar iska su ne ke faɗowa a kan mutane.

Sai maganar itatuwa. Mun ji wasu na cewa a sare duk dogon yaron da ke bakin hanya, tunda shi ya katse waya. Mu dai ba mu goyi bayan wannan ba. A kwarin Majiya, wajen Buza a jihar Tawa, tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro layi-layi a gonaki don karya ƙarfin iska, manoma kuma suka ga amfaninsa a hatsinsu. Itace garkuwa ne. Abin da yake bukata shi ne a rage masa rassa masu nauyi da waɗanda gara ta ci tun cikin bazara, da sanin ma'aikatan gandun daji, musamman na kusa da waya da ɗakin kwana.

Akwai kuma abin da ya sosa mana rai. Tun gari bai gama wayewa ba wasu suka bi lungu suna tsince kwanon mutane, sai ka ce tsuntsu daga sama gasasshe. Kwanon da iska ta kai ƙofarka yana da mai shi, a mayar masa. Haka nan masu sayar da kayan gini da kafintocin da suka ƙara kuɗi dare ɗaya, su ji tsoron Allah. Masu gidajen haya su ma kada su bar ɗan haya da iyalinsa ƙarƙashin leda har damina ta yi nisa.

Amma mun yaba wa samarin da suka fito gayya, suka janye rassa daga hanya, suka tsare wurin da waya ta faɗi har ma'aikatan lantarki suka iso, suka fara rufe ɗakunan tsofaffi da na mata masu marayu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shawararmu ga mai unguwa da limamai da kwamitin iyayen yara ita ce a kafa asusun unguwa, kowane gida ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, ko dala ashirin ce a wata, a rubuta a littafi, a karanta wa jama'a. Hukumar magajin gari kuma muna roƙonta ta fara da azuzuwan yara, a yi rufin da zai daɗe.

Iyaye, a ja wa yara kunne. In gabas ta yi ja a shiga ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a kashe wutar murhu. Kada a fake a gindin itace ko jikin tsohuwar katanga, kada a taɓa wayar da ta faɗi ko da an ɗauke wuta.

Tarihin garin nan ma darasi ne. Bayan ambaliyar gulbi ta 1945 ta cinye tsohon gari, mutanen Maraɗi sun hau tudu sun sake gini a inda ruwa ba zai same su ba. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana a ɗaure rufi. Damina yanzu ta fara, wata iskar na nan tafe, kowa ya hau ya duba nasa tun da sauran lokaci.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin iska. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.