Haɗa Bindigar Farauta Sai da Gwani

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da bindigogin Mauser 98 na Jamus suka yawaita a Amurka da araha, mafarauta suka shiga al'adar ɗaura musu sabon bututu, su sassaƙa katakon gindin da hannunsu, kuma lalle akwai hikima a ciki, domin bindigar da aka auna da kafaɗar mai ita ta fi yi masa biyayya. Amma a ra'ayina wajibi ne mai fara wannan aiki, komai basirarsa, ya kai wa gwani ya auna zaman harsashi a mazauninsa kafin harbin farko, gama ratar da ido ba ya gani tana iya fasa kwanson harsashi, tururin albarushi ya watso wa maharbi a fuska.