Alheri, Tsarki da Zumunci: Gadonmu da Kiristocin Hausa

Mu da muka tashi a Wad Haddad da sauran ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, mun buɗe ido ne muka tarar da Hausanci da Musulunci a tabarma ɗaya. Kakanninmu hanyar Makka ce ta kawo su, wasu kuma sun biyo hijirar da ta kafa Maiurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Shi ya sa idan aka ce mana akwai Bahaushe Kirista, sai mu yi tsaki, kamar an faɗi abin da hankali ba ya ɗauka. Muna ganin wannan tsaki kuskure ne.

Can ƙasar kakanninmu, a Wusasa kusa da Zariya, akwai majami'ar da aka gina da ƙasa, ginin Hausa tsantsa, tun 1929. Cikin waɗanda suka fara cika ta har da zuriyar Isawa, mabiya wani malamin Kano, Malam Ibrahim, waɗanda suka haɗu da Likita Walter Miller a 1913. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Daga wannan al'umma Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

Mu dubi kalmomin da suke ibada da su. Mu kan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato mai yinsa yana sa ran sakayya. Masu bishara sun ɗauki kalmar suka ɗora mata wani nauyi: a koyarwarsu, alheri kyautar Allah ce ga wanda bai cancanta ba, kuma ceto ba ladan aiki ba ne. Tsarki a bakinmu yakan fara da buta da ruwa. A wurinsu keɓe rai ne ga Allah, kuma yana biyo bayan alheri kamar yadda tsiro ke biyo bayan ruwan sama. Ba shi ne kuɗin sayensa ba. Zumunci kuwa, wanda muka ce a ƙafa yake, shi ne sunan da suka ba rayuwar ikilisiya. Zumuntar Mata, a majami'un ECWA da wasunsu, ita ke zuwa dubiya da gaisuwar mutuwa da barka.

Ba muna cewa aƙida ta zama ɗaya ba. Saɓaninmu a kan matsayin Annabi Isa, da a kan aiki da lada, saɓani ne na gaske, kuma ɓoye shi rashin gaskiya ne. Abin da muke cewa shi ne, waɗannan kalmomi ba aro suka yi ba. A nono suka sha su, kamar yadda muka sha.

Mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Fiye da shekara ɗari muna noman auduga da dawa a Sudan, amma har yau akwai mai kiranmu baƙi don asalinmu. Wanda ya san zafin a ce masa "kai ba ɗan nan ba ne" bai kamata ya furta wa ɗan'uwansa irinta ba saboda inda yake ibada ranar Lahadi. Mu riƙe addininmu da kyau, mu bar musu Hausancinsu, domin ba mu muka ba su ba.